Na Saka Sabon Furosesa, Kwamfutata Ta Koma Zafi Da Ɗaukewa

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata tace bidiyo, da kwamfutar tebur da na haɗa tun 2018, mai bod B450 da furosesa Ryzen 5 2600. Mako biyu da suka wuce na saka Ryzen 7 5800X da hannuna, bayan na sabunta BIOS har ya karɓe shi. Tsohuwar fankar da ta zo da 2600 na mayar, ban kuma sake man da ake shafawa ba, don na ga da saura a jiki. Akwatin wutar ma tsohon ne, mai wat 450. Tun ranar ban huta ba. Da na fara fitar da bidiyo sai zafi ya kai digiri 90, fanka na ta ruri. Wani lokaci ta ɗauke ɗif kamar an zare wayar wuta, wani lokaci kuma allon ya koma shuɗi alhali ba wani aiki nake ba. Wani abokina ya ce na ƙona furosesan, wani ya ce na bogi aka ba ni. Ga aikin mutane a kaina, ga kuɗin da na daɗe ina tarawa. In mayar da shi ne, ko na riga na tafka asara?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna, da wuya ƙwarai a ce ka ƙona furosesan nan. Furosesan zamani cike yake da ma'aunan zafi. Da ya kai iyakar da aka yanka masa sai ya rage gudu da kansa, in hakan bai wadatar ba ya yanke wuta gaba ɗaya kafin wani abu ya lalace. Iyakar 5800X kuwa digiri 90 ce cif. Adadin da kake gani yana tsaye a 90 ba ya wucewa, furosesan ne yake taka wa kansa birki. Maganar na bogi ma ka ajiye ta. In dai BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, ya karanta sunansa daidai, Windows kuma ta nuna maka cibiyoyin aiki 8, to abin da ka saya shi ne a cikin kwamfutarka.

Abin da na fi so ka gane shi ne wasiƙarka ciwo uku ta ƙunsa, kai kuma ka ɗaure su a ƙulli ɗaya ka ɗora wa furosesa. Zafi daban, ɗaukewar nan ta ɗif daban, shuɗin allo lokacin da ba ka komai shi ma daban. Kwamfutar da take zaune ba aiki ba ta da zafin da zai kayar da ita, don haka na ukun ba daga zafi yake ba ko kusa. Ruwa ba ya tsami banza, kowannensu da dalilinsa, kuma ba za ka gano su ba sai kana taɓa abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Na sha ganin mutum ya sake mai, ya sabunta BIOS, ya sake loda Windows duk a dare ɗaya. In ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, kwashe aikin mutane ka ajiye a wani faifai na waje. Kwamfutar da ke ɗaukewa tana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata shi, kuma wannan ce asarar da nake jiye maka, fiye da ta furosesa.

Mu fara da zafi, don nan kuskuren ya fi fitowa fili. Ryzen 5 2600 furosesa ne na wat 65, fankar Wraith Stealth da ta zo a kwalinsa kuma daidai wannan nauyin aka ƙera ta. Shi kuwa 5800X, da ya fito a Nuwamban 2020, an rubuta masa wat 105, kuma wannan adadin ba shi ne ƙarshen abin da yake zuƙa ba. A tsarin AMD, kamfanin da ya ƙera shi, furosesan wat 105 an yarje masa ya ja har wat 142 daga soket, wato mazauninsa a kan bod, na wat 65 kuma wajen 88. Ga wani abu kuma: cibiyoyinsa 8 duk a kan ɗan guntu ɗaya suke, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in milimita 80 da 'yan kai ba, kamar farcen ƙaramin yatsa. Zafi mai yawa yana fitowa daga wuri ɗan mitsitsi. Shi ya sa ko da kyakkyawar na'urar sanyaya an san wannan furosesan da ɗumi, shi ya sa kuma kamfanin bai saka masa fanka a kwali ba, ya bar mai saye ya nemi babba. Kai kuma ka ɗora masa ƙaramar da aka yi wa ƙanensa, a kan busasshen man da ya yi shekaru.

Man nan mai launin toka mutane suna raina shi. Murfin furosesa da gindin ƙarfen sanyaya, duk santsin da ido ke gani, suna da 'yan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta wuce da zafi. Aikin man shi ne ya cike ramukan. Da zarar ka ɗaga ƙarfen, tsohon man ya tsage, in ka mayar da shi haka iska ka rufe a tsakani. Duk ɗagawa ɗaya, sabon mai. Kuma don Allah kada wani ya ce maka man goge baki ko man inji yana yi. Man goge baki akwai ruwa a cikinsa, cikin ɗan lokaci ya bushe ya zama gari.

Ga yadda za ka cire fankar, kuma a nan nake so ka nutsu. Kunna kwamfutar ta yi minti biyar ko goma don man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don ragowar wuta ta fice. Kwance sukurori huɗun kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta daura da ita. In sun saki, kada ka fizga sama. Murza ƙarfen hagu da dama a hankali har ka ji ya rabu. Furosesan soket AM4 ƙafafu 1,331 gare shi a ƙasa, sirara kamar allura, kuma busasshen mai yana riƙe shi kamar gam. An taɓa kawo mini wata kwamfuta da mai ita ya fizgi fankar da ƙarfi, furosesan ya biyo ta manne a gindi alhali hannun soket yana kulle. Layi biyu na ƙafafun suka kwanta. Sai da na kwashe yammaci guda da gilashin ƙara girma da bakin fensirin inji ina miƙe su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi, don ƙafa ɗaya in ta karye zance ya ƙare.

In ka ɗaga, kada ka yi saurin gogewa. Dubi shatin man tukuna, shi ne zai ba ka labarin abin da ya faru. In ya baje siriri ko'ina, ƙarfen ya zauna daidai. In gefe ɗaya ya yi fayau har kana ganin ƙarfe, ɗaya gefen kuma man ya taru da kauri kamar ba a taɓa shi ba, to a karkace ka ɗaure, rabin furosesan ne kawai yake samun sanyi. Wannan kaɗai ya isa ya sa kwamfuta ta ɗauke. Goge duka fuskokin biyu da sinadarin isofurofil da ƙyalle marar gashi, ka bari su bushe. Tunda ka riga ka buɗe, ɗaga hannun soket ka fito da furosesan, ka duba ƙafafunsa a haske ta gefe, layi-layi. In duk a tsaye suke, daidaita alamar kusurwa ukun nan da ta soket ka sake shi. Da nauyinsa zai faɗa ciki, ba a danna shi.

Shawarata ita ce kada ka mayar da tsohuwar fankar. Nemi na'urar sanyaya mai tsayi irin ta hasumiya, mai bututun jan ƙarfe aƙalla huɗu, shida sun fi, da fanka mai faɗin milimita 120 ko 140. Ba dole sai mai ruwa ba. Auna faɗin gidan kwamfutarka kafin ka saya, don murfin gefe ya rufu, ka kuma tabbata akwai maɗauran AM4 a kwalin. In ta zo, juya gindinta ka duba: akwai 'yar leda da ake mannawa don kare shi, kuma mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a aikin, sukan manta da ita. Ɓare ta. Ɗiga mai kamar ƙwayar wake a tsakiya, ɗora ƙarfen, ka ɗaure a giciye, juyi biyu nan juyi biyu can, har sukurorin su tsaya da kansu. Wayar fankar kuma a inda aka rubuta CPU_FAN za ta shiga. Iska ta shigo ta gaba ta fita ta baya, ƙurar da ta toshe ragar gaba a kakkaɓe ta.

Na san za ka ce aikin mutane ba zai jira ka sayo sabuwa ba. Akwai mafita ta yau da dare. Shiga BIOS, ko manhajar Ryzen Master, ka kunna Eco Mode. Wannan zai mayar da furosesan tsarin wat 65, ya daina wuce wat 88, wato kusan nauyin da tsohuwar fankarka da akwatin wutarka suka saba ɗauka. Gudun zai ɗan ragu a aiki mai nauyi, amma ko a hakan ya fi 2600 nesa ba kusa ba. Da sabon mai da wannan saitin za ka iya sauke nauyin da ke kanka. Kuma gwaji ne a karan kansa: in ɗaukewar nan ta ɗif ta tsaya bayan ka kunna shi, ka san matsalar tana tsakanin sanyaya da wuta.

Gani ya kori ji, saboda haka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da wutar sassan kwamfuta, kyauta ce, ka bar ta a buɗe. Layukan da za ka sa wa ido su ne zafin furosesa, adadin wat ɗin da yake ja, gudunsa, da zafin VRM, sassan bod masu rage wa furosesa wuta, in bod ɗinka yana nunawa. Sai ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi don gwaji, na minti goma. Kada ka firgita in ka ga zafi yana tsalle daga 40 zuwa 60 don ka buɗe shafi ɗaya, halin wannan furosesan ne. Abin lura shi ne yadda yake hawa. In ya tashi a hankali ya tsaya a tamanin da wani abu, lafiya lau. In cikin daƙiƙa biyu ko uku ya doki 90 ya maƙale, gudu kuma yana zubewa, ƙarfen bai zauna ba, sake ɗaurawa.

Sai ɗaukewar ɗif. Windows ba ta samun damar rubuta dalili a irin wannan, in ka duba Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin abin da ya faru, abin da za ka tarar kawai shi ne Kernel-Power mai lamba 41, wanda ma'anarsa kwamfutar ta mutu ba sallama. In ka gyara sanyaya amma ba ta daina ba, mutum biyu nake zargi. Na farko akwatin wuta. Ba ka faɗa mini katin hoton da kake da shi ba, amma fitar da bidiyo yana ɗora wa furosesa da katin hoto nauyi a lokaci guda, kuma wat 450 da ke rubuce a jikin akwatin da ya yi shekaru yana aiki ba lallai ne har yau yana bayar da su ba. Karanta takardar da ke gefensa ka ga wat nawa yake bayarwa a layin bolt 12, don daga nan furosesa da katin hoto suke sha. In nauyi ya wuce ƙarfinsa, kariyar da ke cikinsa ce take yanke wutar nan take. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka ari lafiyayyen akwati mai wat 650 ka gwada kwana ɗaya. In wayoyinsa masu cirewa ne, yi amfani da nasa kaɗai, kada ka haɗa da na tsohon, don jerin wayoyin ya bambanta tsakanin akwati da akwati kuma hakan yana ƙona kaya. Kada kuma ka buɗe akwatin wuta da sunan dubawa, yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi. Duba kuma filogin nan mai baki 8 da ke saman bod kusa da furosesa. Wurin matsattse ne, hannu yakan ture shi wajen ɗaura fanka. Danna shi har ka ji ƙas.

Na biyu shi ne VRM, 'yan ƙananan sassan da ke kewaye da soket, masu rage bolt 12 zuwa bolt ɗaya da ɗan kai da furosesa ke amfani da shi. Bod B450 ba duka suka zama ɗaya ba. Wasu an ɗora wa waɗannan sassan ƙarfen sanyaya, wasu tsirara suke. Masu tsirara suna wahala da furosesan wat 105 in aiki ya daɗe. Kuma ga abin da ba kowa ke faɗa ba: tsohuwar fankarka ƙasa take hurawa, tana ɗan fifita su, ita kuwa mai hasumiya gefe take hurawa ta bar su. In ka ga zafinsu yana haura 100, sa fanka a saman gidan kwamfutar ko ka karkato ɗaya ta hura musu. In bod ɗin mai rauni ne sosai, zama a Eco Mode ba abin kunya ba ne, ni ma shi zan zaɓa a kan sayen sabon bod.

Yanzu shuɗin allo. Abu na farko da mutane ke mantawa shi ne mai kula da RAM a cikin furosesa yake zaune. Da ka sake furosesa ka sake shi ke nan, saitin da tsohon ya amince da shi ba lallai sabon ya karɓa ba. Share saitin BIOS gaba ɗaya: zare wayar wuta, ciro batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti biyar, ka mayar. Wannan zai goge har da Eco Mode, sai ka sake kunna shi, amma ka bar XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a kashe. In sandunan RAM biyu ne a bod mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake so, littafin bod ɗinka zai tabbatar. Saka MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash ka bar shi ya kwana yana zagaye huɗunsa. Kuskure ko ɗaya ne ya yi yawa. In ya fita tas, kunna XMP ka maimaita. Gudun da AMD ta lamunce wa wannan furosesan shi ne DDR4-3200, abin da ya haura haka sa'a ce.

Duk lokacin da allon ya yi shuɗi, ɗauki hotonsa da waya, don sunan da ke ƙasa yana nuna hanya. MEMORY_MANAGEMENT ya fi karkata ga RAM. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT sun fi nuna furosesa ko wutar da ke isa gare shi. Tunda taka tana faɗuwa tana zaune, akwai saiti a BIOS mai suna Power Supply Idle Control. Mayar da shi Typical Current Idle. Wasu tsofaffin akwatunan wuta ba sa jure yadda sabon furosesa ke sauke shan wutarsa ƙasa sosai in ba aiki.

Ka ce ka sabunta BIOS "har ya karɓe shi". Wannan kalmar ta tsaya mini a rai. Bugun farko da suka buɗe wa B450 ƙofar Ryzen 5000 na gwaji ne, an yi gyare-gyare da dama bayansu. AGESA, wato ɓangaren AMD da ke cikin BIOS, bugunta na 1.2.0.2 a 2021 ya magance katsewar USB, na 1.2.0.7 a 2022 ya magance sarƙewar da fTPM, wani tsarin tsaro na cikin furosesa, ke jawowa. Shiga shafin kamfanin bod ɗinka ka ɗauko na ƙarshe wanda ba na gwaji ba, na ainihin samfurinka harafi da harafi. Amma ba yau ba. Sai ka gyara sanyaya, kwamfutar ta daina ɗaukewa, don in ta mutu ana tsakiyar rubuta BIOS bod ɗin yana iya ƙin tashi. In kana da UPS, jona ta a kai. In faifanka yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda kafin ka fara, don ana iya tambayarka shi. Bayan nan ka saka sabon direban cifset, wato manhajar da Windows ke sarrafa bod da ita, daga shafin AMD. Ba ka bukatar sake loda Windows don ka sake furosesa a bod ɗaya.

Tsohon 2600 ɗinka kada ka sayar da shi tukuna, shi ne shaidarka ta ƙarshe. In ka yi duk waɗannan, zafi ya sauka, RAM ta ci jarrabawa, akwatin aro ma bai sauya komai ba, amma har yanzu Event Viewer yana tara saƙon kuskuren WHEA-Logger mai lamba 18 a saitin asali, to mayar da tsohon ka gani. Duba jerin furosesan da sabon BIOS ɗin ke karɓa kafin nan, don wasu bugun sun zubar da tsofaffi saboda ƙarancin wuri. In da 2600 komai ya lafa, a lokacin ne kake da hujjar cewa sabon yana da lahani. Furosesan AMD da aka saya sabo a kwalinsa yana da garantin shekara 3, sai ka adana rasit da kwalin, ka haɗa da hotunan da ka ɗauka da abin da ka rubuta.

A yadda ka bayyana, ban zaci za ka kai nan ba. Zatona ya fi ƙarfi a kan ƙaramar fanka da busasshen mai, sai akwatin wuta a bayansu, shuɗin allon kuma daga saitin RAM ko tsohon BIOS. Yau ka kwashe aikin mutane, ka sake mai, ka share saiti, ka kunna Eco Mode. In ka sake rubuto mini, turo sunan katin hotonka, samfurin bod ɗin, abin da aka rubuta a layin bolt 12 na akwatin wutar, da hoton shatin man kafin ka goge shi. Allah ya sa a dace.